Faranti Huɗu na Mista Bernar

Da Malam Tukur ya san cewa daga faranti matsalar za ta ɓullo, da bai ƙarar da safiyar Asabar ɗin nan yana kokawa da janareta ba. Amma bai sani ba. Don haka ƙarfe tara ta same shi tsugune a zauren gidansa da ke Unguwar Kanawa, hula a ƙeya, yana fizgar igiyar janaretan aro, maƙwabcinsa Sambo direba na tsaye a kansa yana ba da umarni.

"Ja da ƙarfi mana, Malam Tukur. Ba zaren keken ɗinki ba ne."

Ya ja. Janareta ya yi tari sau biyu, ya tashi, ya cika zauren da hayaƙi. Malam Tukur ya miƙe yana share gumi, ya ce, "Alhamdulillahi. Saura me?"

Baƙi biyu yake jira. Rashida, 'yarsa ta fari, ta yi wata shida tana aikin gwaji a wata ƙungiyar kare muhalli da ke Malali. Ranar Litinin za a yanke ko a tabbatar da ita ko a sallame ta, kuma takardar ba ta tafiya sai da sa hannun shugabanninta biyu: Mista Bernar, Bafaranshe, da Madam Keli, Ba'amurkiya. A makon nan suna zagaya gidajen mutane su ga yadda ake yi da ruwa da shara, sai Rashida, ba tare da shawara da kowa ba, ta ce su zo nasu gidan su ci abincin rana. Shekara uku yarinyar nan ta yi a zaune bayan bautar ƙasa, tana rubuta takardun neman aiki har biro ya yi mata kanta a yatsa. Tun ranar Alhamis da ta gaya masa, Malam Tukur bai ɗaure ƙusa ko ɗaya daidai ba a shagonsa na gyaran keken ɗinki a Abakpa. A wurinsa wannan ba ziyara ba ce. Jarrabawa ce, kuma shi za a yi wa.

Sambo ya ɗaga yatsu uku. "Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa Turawa. Abu uku Bature yake so: sanyi, ruwan gora, da farantin da ba wanda ya taɓa cin abinci a ciki. In ka haɗa masa waɗannan, ko 'yarka ba ta iya rubuta sunanta ba zai ɗauke ta."

"Ta iya," in ji Malam Tukur da sauri.

"Misali nake yi."

Duk an tanada. Ga katan na ruwan gora, ga farantan roba na ci-ka-yar, ga fanka mai ƙafa a falo. Gwangwanayen madarar da matarsa Atika ta shuka na'a-na'a da albasa a ciki kuwa, ya kwashe su ya jera a bayan banɗaki inda ido ba ya kaiwa. Awakin gidan biyu ya ɗaure su a lungu, ya gargaɗe su.

Rashida ta fito daga ɗaki tana ɗaura kallabi, ta ga tarin roba a kan tebur, ta tsaya cak.

"Innalillahi! Baba, mene ne wannan?"

"Karramawa."

"Baba, mutanen nan fa aikinsu ke nan, yaƙi da roba."

"To ai Sambo ya ce..."

"Baba Sambo Turawan kamfanin titi ya tuƙa."

Sambo ya ce shi dai ya faɗi abin da ya sani, kuma yana da ɗaurin aure a Kawo. Ya fice.

Malam Tukur ya zauna a kan benci. "To zauna ki gaya mini. Me suke so?"

"Ai ba abu ɗaya suke so ba, Baba. Ita Madam Keli, ka nuna mata matsala, sai ta nemo na'urar da za a saya. Tana da gorar da ke tace ruwa da kanta, tana da jaka mai cajin waya da hasken rana. Shi kuwa Mista Bernar cewa yake yi kada a sayi komai, a lallaɓa wanda ake da shi. Takalminsa sau uku ana kai wa mai gyara. Ta kunna iyakwandishan a ofis, ya kashe ya buɗe taga. Ya fita, ta rufe ta kunna. Wata shida ban taɓa jin sun yarda da juna a kan komai ba."

"Kuma dole su biyun su sa hannu?"

"Dole."

"To wanne zan bi?"

"Kada ka bi kowa. Ka zauna yadda kake. Kuma don Allah, Baba, kada ka yi musu maganar aikina."

Yadda yake ɗin ai shi ne abin da ke ba shi tsoro. Aka tura farantan roba ƙarƙashin gado, Atika ta buɗe kabad ta fito da na tangaran ɗin da ba a taɓa su ba tun sunan autansu. A kan janareta ne kawai ya kafe. Ya sha wahala kafin ya tashi, ba zai kashe shi ba.

Ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna wata doguwar jif fara ta tsaya a ƙofar gida. Madam Keli ta sauko, doguwar mace mai faɗin murmushi, ta yafa gyale a kai yadda aka koya mata, ta ce da ƙarfi, "Sannu, Baba! Ina gajiya? Ina aiki? Ina iyali?" duk a numfashi ɗaya, ba ta bar masa wurin amsawa ba. A waya ta koyi Hausarta, kuma a nan ta ƙare.

"Ina ɗayan?" Malam Tukur ya tambayi Rashida.

"Yana hanya."

Bayan minti goma sai ga wani siririn Bature mai furfura ya shawo kwana a kan tsohon keke, kwandon kaba ɗaure a baya, riga ta manne masa da gumi. Masu shago a layin duk suka fito kallo.

Malam Tukur ya rage murya. "Ba su ba shi mota ba?"

"Shi ya ƙi, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya san irin wannan. Shi ma in ba shi da abu, cewa yake yi ba ya so.

Aka shiga falo. Fanka na kaɗawa, janareta na ruri a zaure. Madam Keli ta yi magana, Rashida ta fassara: tana tambaya ko Baba ya taɓa tunanin sa sola, akwai wata ƙarama mai kyau da za ta nuna masa a waya. Mista Bernar ya leƙa tsakar gida, ya nuna inuwar mangwaro, ya yi tasa maganar. Ya ce ga sanyi can kyauta, me ya sa ake ƙona fetur? Malam Tukur ya fita ya kashe janaretan da hannunsa, yana jin kamar ya yanka ragon da ya yi kiwo.

A ƙarƙashin mangwaro aka shimfiɗa tabarma. Atika ta kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, ta gaishe su, ta koma kicin inda take iya hango komai ta taga. Madam Keli ta ci rabin nata tana ta yabo, sai ta ji kukan akuya daga lungu. Ta ajiye cokali. Akwai awaki a gidan? Tana so ta gani. Malam Tukur ya harari lungun. Rashida ta tashi ta raka ta, aka bar shi daga shi sai Mista Bernar.

Turancin Malam Tukur na firamare ne, kuma ya daɗe a ajiye. Na Mista Bernar kuwa ta hanci yake fitowa. Suka gwada sau biyu, suka haƙura, suka koma murmushi.

Bafaranshen ya iya cin tuwo, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Da hannu ya ci, a natse. Da ya zo lomar ƙarshe sai ya zagaya da ita cikin farantin, ya kwashe miyar tas, har furen da ke jikin tangaran ya fito kamar an wanke. Ya ajiye, ya dafa ƙirji, ya yi murmushi.

Malam Tukur ya ƙura wa farantin ido. Baƙo ya suɗe faranti a gidansa! Duk wanda ya ƙoshi ai yakan bar ko loma ɗaya, mai gida ya gani ya san ya fita kunya. Wannan kuwa ko ƙuda ba zai samu abin lasa ba.

"Maman Rashida! Ƙaro tuwo!"

Atika ta kawo malmala biyu. Mista Bernar ya dubi farantin, ya dubi Malam Tukur, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya rufe. Ya ce, "Na gode," ya naɗe hannun riga.

Wannan karon ya fi daɗewa. Malam Tukur yana satar kallonsa yana addu'a a zuci: Allah Ka sa ya rage. Malmala ta farko ta tafi. Ta biyu ta bi ta. Aka zo lomar ƙarshe, mutumin ya ɗan huta, ya ja numfashi, sannan ya zagaya da ita cikin farantin. Fure ya sake fitowa.

Malam Tukur ya ɗauki farantin da kansa ya nufi kicin.

"Mutumin nan yunwa yake sha a garin nan," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kin ga wuyansa? Ga shi ko mota ba shi da ita."

"Allah sarki, bawan Allah. Ba shi da mata ne?"

"Ina zan sani? Zuba. Sa masa man shanu, ki tsamo masa nama."

A faranti na uku Mista Bernar ya sassauta bel. Fuskarsa ta yi ja kamar tumatir, gumi na ɗiga daga hancinsa. Malam Tukur ya ɗauka yaji ne, ya matso masa da kofin ruwan randa. Mutumin ya ɗago ya dube shi da idanu cike da ƙwalla, kallo mai tsawo. Malam Tukur ya ji tausayi ya kama shi. Ashe haka godiya take a fuskar Bature.

"Ci, ci," ya ce, yana nuna masa da hannu. "Gidanku ne."

Ya ci. Ya suɗe.

Atika ta karkata tukunya ta nuna wa mijinta gindinta. "Malam, wannan fa na dare ne. Yara za su dawo daga Islamiyya."

"Aikin Rashida ne a cikin tukunyar nan. Kankare."

"In ya mutu a gidanka fa?"

"Ba a mutuwa da tuwo."

"Ba a taɓa gwadawa da Bature ba dai."

Ta kankare har ƙanzo. Faranti na huɗu Mista Bernar ya karɓe shi da hannu biyu, kamar wanda aka miƙa wa sammaci. Yana kai loma, yana lumshe ido, yana haɗiyewa da taimakon ruwa. Malam Tukur ya daina ko murmushin. In wannan ma ya suɗe, babu sauran abin da za a kawo sai dai a aika gidan Sambo.

Yana kan zagaya lomar ƙarshe Rashida da Madam Keli suka dawo. Ba'amurkiyar na ta zuba magana, tana nuna hotuna a waya: ga awaki suna cin ɓawon kabewa, ga 'yar kwatar da ke kai ruwan alwala gindin lemun tsami, ga gwangwanayen bayan banɗaki, duk ta tono su. Sai maganar ta tsaya. Mista Bernar ya ajiye farantin, ya zame a hankali, ya kwanta rigingine a kan tabarma yana kallon ganyen mangwaro.

"Baba, me ya same shi?"

"Ƙoshi, ina fata."

"Faranti nawa ya ci?"

Daga taga Atika ta ce, "Huɗu. Malmala bakwai."

Rashida ta durƙusa kusa da shi, suka yi magana da Turanci. Muryarsa a shaƙe take fita. Tana saurare, sai ta dafe kai da hannu biyu.

"Me ya ce?"

"Ya ce kakarsa ce ta raine shi, ita kuwa ta ga yunwar zamanin yaƙi. A gidansu ba a tashi a bar ko gutsuren burodi a faranti. Ya ce abincin da aka zubar, ruwa da itace da gumin manomi aka zubar, shi bai taɓa yi ba tun da ya yi wayo."

"To ai sai ya ce ya ƙoshi!"

Rashida ta sunkuyar da kai. "Ni na gaya masa jiya, in an ba shi abinci a gidan Bahaushe kada ya ce a'a. Na ce rashin kunya ne."

"Ke kuma ba ki gaya masa ya rage loma ba?"

"Na manta, Baba."

Da aka fassara wa Madam Keli, sai ta nemi wurin zama. Turmi ne kusa, a kansa ta zauna, ta yi dariya har gyalen ya zame. Malam Tukur na tsaye yana kallonta, bai san ko dariyar ɗauka aiki ba ce ko ta kora.

Ta share ido, ta nuna rabin tuwonta da ya huce. Rashida ta ce, "Wai a ƙasarsu ba a wannan wahalar. In abinci ya fi ƙarfinka, sai a ƙunsa maka ka tafi da shi gida. Tana so a ƙunsa mata nata."

"Wanne? Wannan da ta ci ta rage?" Ya waiwaya taga. "Maman Rashida, zuba mata sabo."

"Daga ina?" in ji Atika.

Ya tuna. A rayuwarsa bai taɓa sallamar baƙo da saura ba, amma yau ga shi. Ya shiga ɗaki ya jawo farantan roba biyu daga ƙarƙashin gado, ya haɗa da baƙar leda. Yana fitowa Mista Bernar, daga kwancen da yake, ya ɗaga yatsa ɗaya ya yi wani nishi mai kama da na mai haƙori. Madam Keli ma ta girgiza kai. Ta buɗe jaka ta fito da wani abu mai kama da faifai, ta ja shi, sai ga shi ya zama kwano har da murfi.

Nan fa aka fara. Shi yana magana sama yana fuskantar mangwaro, ita tana mayar masa daga kan turmi.

"Fassara mini," in ji Malam Tukur. "Kada ki rage komai."

"Ya ce ta sayo kwano daga bayan teku, an ɗauko shi a jirgin sama, don ta ceci rabin malmala. Wai Amurkawa ko duniya za su ceta sai sun shiga kanti."

"Ita fa?"

"Ta ce gara ita. Shi ya cinye abincin daren iyali guda don kare muhalli."

"Faɗa suke yi ke nan?"

"Kullum haka suke."

"A gidana? A kan tuwona?" In suka fita daga nan a ɓace, wa zai kalli takardar yarinya ranar Litinin? Ya gyara hula, ya yi gyaran murya irin ta masu raba gardama a masallaci. "Gaya musu su yi haƙuri. Gaya musu ba abin faɗa a nan, don a gidan nan ba a zubar da tuwo. Wanda ya kwana, ɗumame ne da safe. Wanda ya wuce ɗumame, na awaki ne. Abin da awaki suka mayar, uwarki ta kwashe ta zuba wa albasarta. Ko da ya rage, ba zai tafi a banza ba."

Rashida ta fassara. Madam Keli ta ciro waya tana rubutawa, tana tambayar yadda ake rubuta ɗumame. Mista Bernar ya dogara da gwiwar hannu ya ɗago da ƙyar, ya yi tambaya a hankali.

"Wai da ya rage, wa zai ci?"

"Ni mana. Da shayi."

Rashida ta dubi mahaifinta. "Baba, in faɗa masa haka?"

"Ai kin ce in zauna yadda nake."

Ta faɗa. Bafaranshen ya dubi farantin da ke sheƙi, ya dubi Malam Tukur, ya koma ya kwanta ya rufe fuska da hularsa. Kafaɗunsa suna girgiza. Ko dariya ce, ko kuka, ko tuwon ne ke neman wurin zama, ba a iya ganewa daga waje.

Atika ta tsinko na'a-na'a a gwangwani ta dafa masa, ta jefa 'yar kanwa. Ya sha, ya yi gyatsa, ya nemi gafara da harsuna biyu. Sai bayan la'asar ya iya miƙewa. Ya je wurin kekensa, ya ɗaga ƙafa, ƙafar ta ƙi. Direban Madam Keli ya ɗauki keken ya sa a bayan jif, ita kuma ta buɗe wa abokin aikinta ƙofa da ladabin da ya yi yawa.

Malam Tukur ya rako su har bakin mota. Maganar tana nan a maƙogwaronsa: yarinyar nan tana da ƙoƙari, shekara uku ta yi a zaune, ku dube ta. Ya buɗe baki. Rashida ta kafe shi da ido. Ya haɗiye, ya nemi wata maganar da zai cike gurbin, bai samu ba sai wadda ya saba.

"Tambaye su ko sun ƙoshi."

Rashida ba ta fassara ba. Amma Mista Bernar ya ga bakin mai gida ya motsa, ya ga hannunsa ya nuna cikin gida, sai ya yi wuf ya ja ƙofar mota ya rufe. Jif ta tashi. Kafin ta kai kwana gilashin ɓangarensa ya sauka, ya hau, ya sake sauka.

A ciki Atika ta riga ta ɗora ruwan taliya. Malam Tukur ya zauna a kan tabarmar da baƙon ya tashi, ya cire hula ya ajiye a gwiwa.

"Rashida, dariyar da matar nan ta yi, ta alheri ce?"

"Ban sani ba, Baba. Ban taɓa ganin ta yi irinta ba."

"Shi fa? Ya ji haushi?"

"Shi ma ban sani ba."

"Amma dai zai iya zuwa ofis ranar Litinin?"

Daga kicin Atika ta ce, "In ya fara azumi yau."

Rashida ta tattara farantan ta kai bakin famfo. Na Mista Bernar ta juya shi gaba da baya, ta rasa inda za ta sa soso. Malam Tukur kuwa ya zauna yana lissafin kwanaki, duk da biyu ne kacal. Ko za su sa hannu a takardar, su biyun, a rana ɗaya, babu wanda ya sani a gidan.